Haƙƙin Mallaka a Zamanin Turi: Nazari a Kan Dokar 2022 da Makomar Adabin Hausa

1.0 Gabatarwa

Ni ba da Hausa na buɗe baki ba. A gidanmu Fulatanci ake yi, sai da aka sa ni makaranta a cikin garin Yana, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Shira ta Jihar Bauchi, sannan na soma haɗa jimlar Hausa ba tare da yara sun yi mini dariya ba. Bayan malamaina na aji, babu inda na ƙaru da Hausa kamar wani ɗan shagon cajin waya da ke kusa da tasha. Mai shagon yana da tsohuwar kwamfuta. Kana miƙa masa memori da 'yan canjinka, sai ya cika maka shi da fina-finai da waƙoƙi. Idan wani sabon fim ya gagara samuwa a Yana, sai mu jira mai zuwa Azare ya turo mana. A cikin waɗannan fina-finai na tsinci karin magana da zaurance da salon gaisuwa. Amma ban taɓa tambayar kaina ko wanda ya kashe kuɗinsa ya shirya fim ɗin yana samun ko sisin kwabo daga abin da nake biya ba.

Sai da muka zo darasin adabin zamani a nan jami'a tambayar ta tsaya mini a rai. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana ma'anar haƙƙin mallaka, da matsayinsa a al'adar Bahaushe, da tarihin dokarsa a Nijeriya, da sauye-sauyen da dokar 2022 ta kawo, da kuma muhawarar da ake yi a kanta. Daga ƙarshe za a dubi abin da ya rataya a wuyan ɗalibin Hausa.

2.0 Ma'anar Haƙƙin Mallaka

Haƙƙin mallaka shi ne ikon da doka ta bai wa wanda ya ƙirƙiri wani aiki na fasaha, ta yadda ba wanda zai kwafi aikin, ko ya buga shi, ko ya fassara shi, ko ya juya shi zuwa wata siga, ko ya watsa shi ga jama'a, sai da izininsa. A dokar Nijeriya ayyuka iri shida ne ke samun wannan kariya: rubutattun ayyuka, da kiɗa da waƙa, da ayyukan zane da hoto da sassaƙa, da fina-finai, da sautin da aka naɗa, da kuma shirye-shiryen rediyo da talabijin.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, doka ba ta kare tunani ko jigo, yadda aka zuba shi take karewa. Kowa yana da damar rubuta labari a kan auren dole ko kishi, amma ba shi da damar ɗebo shafukan wani marubuci ya sa sunansa. Na biyu, sai an adana aikin a wani mazubi, takarda ce ko kaset ko waya. Waƙar da aka rera a dandali ba a naɗa ba, ba a kuma rubuta ba, wannan kariya ba ta hau kanta ba. Na uku, ba sai an yi rajista ba. Da zarar aikin ya cika sharuɗɗa, haƙƙi ya tabbata. Rajistar da ake yi a hukuma tana taimakawa ne wajen kafa hujja idan rigima ta taso.

Haka kuma haƙƙin yana da fuska biyu. Akwai fuskar dukiya, wadda mai aiki zai iya sayarwa ko ya ba da aronta, kuma magada suna gadonta. Akwai fuskar mutunci, wato a ambaci sunan mai aikin, kada kuma a jirkita aikin ta hanyar da za ta zubar masa da daraja.

3.0 Shin Baƙon Abu ne ga Bahaushe?

Sau da yawa za ka ji ana cewa haƙƙin mallaka al'adar Turawa ce. Gaskiya ne cewa rubutacciyar doka daga can ta faro, domin a Ingila aka yi ta farko a 1710, sannan ƙasashe suka ƙulla Yarjejeniyar Berne a 1886. Amma fuskar mutunci daɗaɗɗiya ce a wurinmu. Marubutan waƙoƙin Hausa sun saba ambaton sunansu a baitocin ƙarshe, wani lokaci har da garinsu da shekarar da suka yi waƙar ta hanyar ramzi. Masu kwafar littattafai da hannu su ma sukan rubuta sunan mawallafi a farko, su sa nasu a ƙarshe a matsayin masu kwafa kawai. Wannan amana tana daga cikin dalilan da suka sa har yau muke iya danganta ayyuka da dama ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u. Ta fuskar shari'a ma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, bai halatta a keta su ba.

Fuskar dukiya ce ta zo da sabon yanayi. Makaɗin gargajiya ba ya cin abinci da yawan kwafin waƙarsa. Ubangida ne ke riƙe da shi. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Mamman Shata sun samu dawaki da riguna da kuɗi daga hannun waɗanda suka wasa. A irin wannan tsari, duk wanda ya yaɗa waƙar taimakon makaɗi ya yi, domin ƙara masa suna yake yi. Marubucin littafi da mai shirya fim kuwa ba su da ubangida sai kasuwa. Sukan zuba jarinsu tun kafin aiki ya fito, su jira ya dawo ta hanyar kwafin da aka saya. Matsalarmu ita ce mun ɗauko ɗabi'ar tsari na farko mun shigo da ita cikin na biyu.

4.0 Taƙaitaccen Tarihin Dokar a Nijeriya

Dokar Ingila ta 1911 ita ce Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa wa Nijeriya a 1912, kuma da ita aka yi aiki har bayan samun 'yancin kai. A 1970 gwamnatin soja ta kafa doka ta farko ta cikin gida. Da kaset ya yawaita, satar fasaha ta yi ƙamari, mawaƙa da mawallafa suka matsa lamba, sai gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da doka mai lamba 47 a 1988. Ita ce ta haifar da hukumar da a yau ake kira Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wato NCC. An yi wa dokar gyara a 1992 da 1999, Nijeriya kuma ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993.

Sai dai duk waɗannan an tsara su ne da tunanin takarda da kaset da faifai. Ba su san wayar hannu da intanet ba. Don haka hukumar ta soma aikin sabunta doka a 2012. A watan Oktoba 2017 Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyi huɗu na duniya, biyu daga ciki sun shafi ayyukan fasaha a intanet, ɗaya ta shafi 'yan wasan fim, ɗaya kuma, wato Yarjejeniyar Marakesh ta 2013, ta shafi makafi. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin a 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa masa hannu ranar 17 ga Maris 2023. Ita ce dokar da ake aiki da ita yanzu.

5.0 Daga Kaset Zuwa Turi

Domin a fahimci dalilin sabuwar dokar, ya kamata a dubi abin da ya faru a Kano, cibiyar fim da littafin Hausa. Fim ɗin bidiyo na Hausa da aka fi ɗauka a matsayin na farko shi ne Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990. A daidai wannan lokaci adabin kasuwar Kano yake tashe, da littattafai irin su Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Daga Kano 'yan kasuwa suke ɗauko kaya su kawo Azare, daga nan su bazu zuwa garuruwa irin su Yana da Giaɗe da Gamawa.

Wani abin lura shi ne abin da masani Brian Larkin ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008, bayan binciken da ya yi a Kano. Ya bayyana cewa na'urori da hanyoyin da aka yi amfani da su a kasuwar Ƙofar Wambai wajen kwafar fina-finan Indiya da na Amurka ba da izini ba, su ne suka zama hanyoyin rarraba fim ɗin Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu shi ma ya yi rubuce-rubuce a kan yadda wasu fina-finan Hausa suka ari labari da salon waƙa daga na Indiya. Ke nan masana'antar da ke kukan sata a yau, ita ma ta ɗanɗani kayan wasu a jiya.

A zamanin kaset da faifan CD, ɓarawon fasaha sai ya sayi na'ura da faifai, ya nemi wurin ajiya, ana iya kai masa samame. Da memori da manhajoji irin su Xender suka zo, kwafi ya zama kyauta, ba ya kuma rage kyan hoto. Faifai ɗaya tak ya isa ya cika wayoyin gari guda. Cikin shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: furodusa ya ci bashi ya yi fim, mai turi ya ci riba. Masu shirya fim suka koma ga fina-finai masu dogon zango a tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, da kuma YouTube, inda shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina suka yi farin jini daga 2020.

Marubuta ma haka. Da yawa sun bar bugawa sun koma sayar da labari a zaurukan WhatsApp, inda mai karatu zai biya kafin a sa shi. Amma mutum ɗaya zai biya, ya kwashe shafukan ya watsa. Wani kuma ya ɗauki littafin ya karanta shi da murya a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Shi ya sa za ka ga marubuciya ta buɗe labarinta da jan kunne da Allah ya isa. Wanda ya rasa inda zai kai ƙara, shi ke kai ta ga Allah tun a shafin farko.

6.0 Abin da Dokar 2022 Ta Zo da Shi

Abu na farko, dokar ta fito fili ta ce sanya aiki a intanet, ta yadda kowa zai same shi a lokacin da ya ga dama, haƙƙin mai aikin ne. Wanda ya yi haka don neman kuɗi ba da izini ba ya aikata laifi, hukuncinsa tarar da ba ta gaza naira 1,000,000 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun. Ga mai buga kwafin sata kuwa, tarar ba ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi ba. A tsohuwar doka naira 1,000 ce iyakarta.

Na biyu, ta kawo tsarin sanarwa da saukewa. Mai aiki zai rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafin cewa ga kayansa an sa ba da izini ba, kamfanin ya sauke, wanda aka sauke wa kuma yana da damar mayar da martani. Na uku, ta haramta fasa makullin da aka sa wa aiki don hana kwafa. Na huɗu, ta ba da damar a juya littafi zuwa rubutun makafi ko sauti domin masu larurar gani ba tare da neman izini ba, bisa sharuɗɗan da ta gindaya.

Na biyar, wanda ya fi shafar ɗalibi, ta faɗaɗa abin da ake kira amfani na adalci. An yarda mutum ya yi amfani da wani ɓangare na aiki don karatun kansa, ko binciken da ba na kasuwanci ba, ko sharhi da tarke, ko ba da labari, tare da ambaton mai aikin inda ya kamata. Ana auna adalcin da ma'auni huɗu: manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da kuma illar da hakan zai yi wa kasuwar aikin.

Game da wa'adi, rubutattun ayyuka da waƙoƙi suna da kariya tsawon rayuwar mai su da ƙarin shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Fim da hoto da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne daga fitowarsu. Bari mu gwada lissafin. Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, ya rasu a 1966, wa'adinsa zai kai ƙarshen 2036. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya rasu a 1981, nasa sai ƙarshen 2051. Mamman Shata ya rasu a 1999, nasa sai ƙarshen 2069. Ayyukan Nana Asma'u, wadda ta rasu tun ƙarni na 19, sun zama na kowa, sai dai sabuwar fassara ko sharhin da wani ya yi musu yana da nasa haƙƙin.

7.0 Muhawarar da Ake Yi

Muhawara ta farko a kan rufe shafuka ce. Dokar ta bai wa hukumar NCC ikon toshe shafin intanet da take da dalilin ganin yana keta haƙƙi. Masu fasaha suna murna, domin shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, ga tsada ga jinkiri. Masu rajin 'yancin intanet kuwa suna tsoron kada a fake da haƙƙin mallaka a rufe bakin mai suka, tunda ana iya saukewa kafin alƙali ya saurari kowa.

Ta biyu a kan masu turi ce. A doka, cika wa mutane memori da fina-finan wasu don kuɗi keta haƙƙi ne. Amma a gari irin Yana, inda ba sinima, data kuma tana da tsada, shagon turi shi ne ɗakin karatu, shi ne gidan kallo, shi ne kuma abincin matasa da yawa. Idan aka rufe shi ba a kawo madadi ba, furodusa ba zai samu ƙarin ko kwabo ba, an dai yanke wa fim ɗinsa hanya. A ganina mafita ita ce a mayar da mai turi dillali. Ƙungiyoyin masu shirya fim su ba shi lasisi, ya riƙa biyan wani kaso, kamar yadda mai sayar da faifai yake yi a da. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Ta uku a kan adabin gargajiya ce. Dokar ta kare tatsuniyoyi da kacici-kacici da waƙoƙin gargajiya da raye-raye daga amfani na kasuwanci ba da izini ba, amma a hannun hukumar ta sa ikon ba da izinin. To idan wani ya naɗi waƙar daka daga bakin tsofaffin Shira ya yi kuɗi da ita, me zai koma wa tsofaffin? A ɗaya ɓangaren kuma, tsananta kariya na iya hana adanawa. Mu a ƙasar Shira mun san zafin wannan, domin harshen Shiranci ya ɓace, ba a adana wani abin kirki daga cikinsa ba.

Ta huɗu sabuwa ce, wato ƙirƙirarriyar basira. Ana horar da waɗannan manhajoji da rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa. A Disamba 2023 jaridar New York Times ta kai kamfanonin OpenAI da Microsoft ƙara a Amurka a kan haka. Muna son na'ura ta iya Hausa, amma ya kamata a tambayi matsayin marubucin da aka koya mata da guminsa.

8.0 Darasi ga Ɗalibin Hausa

Ya ɗan'uwa ɗalibi, wannan magana ba ta tsaya ga 'yan fim ba. Idan ka ɗauko sakin layi daga littafin wani ka sa a jingarka, ka ambaci sunansa da shafin, doka tana tare da kai. Idan ka yi fotokwafin 'yan shafuka don karatunka, akwai sassauci. Amma ɗaukar hoton littafin malaminka dukansa ka watsa a zauren ajinku, alhali ana sayar da shi, ya faɗi a ma'auni na uku da na huɗu. Kwafe kundin digirin wani ka sauya suna kuwa sata biyu ce, ta doka da ta ilimi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Idan ka fita aikin tattara bayanai, ka gaya wa wanda za ka naɗa abin da za ka yi da muryarsa, ka nemi yardarsa, ka rubuta sunansa da garinsa da ranar. Idan kuma kai ne marubuci, ka adana daftarinka na farko da kwanan wata. Ranar da mai shirya fim ko mai karantawa a YouTube ya nemi labarinka, kada ku tsaya ga maganar baka. Doka ta ce sayar da haƙƙi ba ya inganta sai a rubuce. A fayyace abin da aka bayar, da tsawon lokaci, da kuɗin.

9.0 Kammalawa

An ga cewa girmama mai aiki tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Hausa, abin da ya rage mana shi ne mu yarda cewa gumin nasa ma dukiya ce. Dokar 2022 ta biyo fasaha har cikin waya, ta kuma bar wa ɗalibi da makaho da mai sharhi ƙofa. Amma doka ba za ta iya tsayawa a bakin kowane shago daga Yana zuwa Azare ba. Idan kwafi bai ciyar da mai fasaha ba, zai koma ga ubangida, kamar yadda muke ganin mawaƙa da dama sun karkata ga waƙoƙin siyasa da na biki. A lokacin, mai kuɗi ne zai zaɓa mana abin da za a rera da abin da za a rubuta.

Ni dai shagon turi ya koya mini Hausa, ba zan yi masa butulci ba. Amma bashin da ke kaina na waɗanda suka yi fina-finan ne, ba su kuwa san ina yi ba. Hutun da ya wuce na sayi littattafan Hausa biyu da kuɗina, na kuma daina karɓar littafin kuɗi daga hannun wanda ya fitar da shi. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu, amin.